Sista, Zomanya da Tukunyar Na'ana'a

Duk unguwar babu wanda ya san ta da wani suna sai Sista. Ta bar aikin asibiti tun jikokinta suna rarrafe, amma sunan ya maƙale mata kamar ƙaya a bakin zani. Har mijinta da shi yake kiranta, in ban da ranar da yake neman wata alfarma, ranar ce za ka ji ya sassauta murya ya ce "Uwar yara". Shekara talatin da 'yan kai ta yi tana zirga-zirga tsakanin ɗakin haihuwa da ɗakin tiyata. Gajeriya ce mai faɗin kafaɗa, tafiyarta kamar wadda aka yi wa kiran gaggawa, ko da gishiri za ta saya. Rabin samarin layinsu ita ta riga uwayensu ganin fuskarsu, shi ya sa in wani ya wuce ta yana ɗaga kafaɗa bai gaishe ta ba, sai ta raka shi da ido ta ce, "Bar shi, da ƙafa ya fito, har yau bai san gaba da baya ba."

A asibiti da doka guda aka san ta. Duk wanda za a yi wa aiki gobe, daga daren yau bakinsa ya rufu, ba ci ba sha. 'Yan uwan marasa lafiya babu dabarar da ba su gwada ba. Wasu a ƙarƙashin mayafi suke shigo da abinci, wasu a cikin rigar matashin kai, wata ma a goye ta kawo kwano kamar jariri. Duk a banza, hancin Sista ya fi na kyanwa. Ta taɓa ƙwace ayaba daga hannun wani babban mutum mai tumbi, ta ɓare ta cinye a gabansa, ta miƙa masa ɓawon ta ce ya riƙe don tunawa. Ba mugunta ce ta sa ta ba. Ta taɓa ganin abin da amai ke yi wa mutumin da aka sa wa maganin barci, kuma wanda ya gani sau ɗaya ba ya fatan gani na biyu.

Mijinta tela ne, Malam ake ce masa. Dogo ne siriri, mai sanyin hali, kunnensa na hagu ya yi nauyi. Shi ya ce ƙarar keken ɗinki ce ta jawo, maƙwabta kuma suna cewa ai ta wannan ɓangaren Sista ke zama. Ɗakin gaba na gidansu shi ne shagonsa: keke a gindin taga, teburin yanka, ƙyallaye a zube a ƙasa, da wata tsohuwar kujera da ta san sirrin kowa a layin.

Da Sista ta rasa marasa lafiyar da za ta tsawata wa, sai ta koma kan tukunyar na'ana'a da ta shuka a barandar baya. Ba a taɓa ganin shukar da ta sha jinya irin wannan ba. Da safe a fitar da ita ta sha rana, da rana a janye ta inuwa, a duba bayan ganye ko ƙwaro ya yi ƙwai. Malam yana son na'ana'a a shayinsa, amma ba shi da izinin tsinka da hannunsa. Sista ce ke tsinko masa, tana miƙawa kamar mai raba ƙwayar magani.

Ana nan sai autarsu ta samu aiki a wani gari, gidan da ta kama haya kuma ba a yarda da dabba ba. Ranar tafiya ta shigo da kwali mai hudoji, ta ajiye a tsakar ɗaki ta buɗe. Sai ga kunnuwa biyu sun leƙo, sannan hanci mai motsi kamar yana gulma. Zomanya ce, fara da tabo baƙi a ido ɗaya, kamar wadda ta fara sa kwalli aka kira ta.

"Umma, riƙo ne kawai, kafin in samu wani gidan."

"Haka aka ce da ni ranar da aka kawo ni gidan babanki," in ji Sista. "Ga ni har yau."

Malam ya raɗa mata Gimbiya tun a ranar. Sista kuwa ba ta taɓa kiranta da wani suna ba sai "waccan abar". Kuma waccan abar ba ta ɓata lokaci ba wajen nuna halinta. Za a cika mata kwano da abincinta na kanti, a zuba mata busasshiyar ciyawa mai kyau, ta shinshina ta kau da kai. Amma a bar tef ɗin awo a ƙasa, ko igiyar cajin waya, ko gefen tabarma, kafin ka juya ta yi musu ado. Abin da aka ba ta ba ya yi mata daɗi sai wanda ta sata. Babban burinta a duniya kuwa shi ne tukunyar na'ana'a. Kullum sai ta lallaɓa barandar baya, ta miƙe da ƙafafun baya tana leƙe, kullum sai Sista ta fito da tsintsiya tana cewa, "Kul, mara kunya." Gimbiya ta zura da gudu ta shige ƙarƙashin keken Malam, ta buga ƙafa a ƙasa sau ɗaya don a san ba ta ji daɗi ba. A ƙarshe Sista ta ɗora tukunyar a kan kujera mai tsayi, ta ce zancen ya ƙare.

Haka suka zauna shekara biyu, Auta ta canza gida har sau biyu, kwali bai koma ba. Sista tana gaya wa kowa cewa ita da wannan dabba sai dai haƙuri. Amma mai kayan miya na bakin titi ya san wace ce ke zuwa da sassafe tana zaɓar ganyen karas ɗaya bayan ɗaya tana cewa na jiya ya yi yaushi.

Wata rana Gimbiya ta canza hali. Ta shiga kwasar ƙyallayen Malam a baki tana kaiwa bayan teburin yanka, ta fige gashin ƙirjinta ta shimfiɗa a kai, kowa ya matso ta yi masa gurnani. Sista ta tsuguna ta duba, ta miƙe ta kama ƙugu.

"Malam, ciki ne."

"Ciki kuma? Da wa?"

"Ni za ka tambaya? Kai ne kake barin ƙofar shago a buɗe kana hira da masu karɓar ɗinki."

"Sista, duk layin nan babu zomo namiji. Sai dai in ta waya."

"Na karɓi haihuwa fiye da gashin kanka, ba kai za ka koya min ciki ba."

Malam ya shafa sanƙonsa. Sista ta tanadi tsumma mai tsabta da almakashi, ta zauna jiran naƙuda. Wata ya shuɗe, ko ɗan ɓera ba a haifa ba, Gimbiya ta watsar da sheƙar ta ci gaba da harkokinta. Da an bar zancen a nan, da Malam ya samu abin tsokana har ƙarshen rayuwarsa. Amma da safe Sista tana wanke tiren da zomanyar ke fitsari, ta ga ɗigon jini. Ta daɗe tana kallonsa. Ba ta yi wasa da jini ba tun tana budurwa, ba za ta fara yanzu ba. Ta yafa mayafi ta ce wa Malam ya rufe shago.

Asibitin dabbobin ɗan ƙarami ne, tsakanin kantin magani da shagon gyaran waya. A benci suka tarar da wani mutum rungume da kare mai ɗaure da ƙafa, da wata mata da aku a keji yana ta maimaita tarin mijinta. Likitar yarinya ce mai tabarau, ba ta kai Auta ba ma a ido. Sista ta dube ta sama da ƙasa, ta dubi farcenta, ta ga a yanke suke, sannan ta zauna.

Likitar ta shafa cikin Gimbiya, ta haska shi da na'ura, ta ce cikin da aka gani na ƙarya ne, zomanya takan yi haka. Jinin kuwa daga mahaifa yake. Ta ce zomanyar da ba ta haihuwa, in shekaru suka ja, sau da yawa mahaifarta takan kamu da ciwo mai tsanani, wannan ma ta fara kumbura. Gara a cire ta tun abin bai yi nisa ba.

Sista da ta ƙare ƙuruciyarta tana taya mahaifa aikinta, yau ita za ta kawo wata a cire mata. Ta dubi waccan abar da ta lafe a kan tebur, kunnuwa a kwance, zuciya na bugawa kamar za ta fasa ƙirji. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Ta sa hannu ta rufe mata ido, ta ce, "A cire."

Aka sa rana. Likitar ta fara bayani: a kawo ta da safe, a zo da tawul ɗinta da ɗan abincin da ta saba. "Sai batun ci kafin aiki, Mama, kada a..."

"'Yata, tsaya nan," in ji Sista, ta ɗaga hannu. "Ina shirya mutane tiyata tun uwarki ba ta san za ta haife ki ba. Wannan karatun na haddace shi."

Likitar ta yi murmushi, amma duk da haka ta ƙarasa maganarta. Sai dai a lokacin Sista ta riga ta juya tana leƙen tukunyar da suke dafa kayan aiki, tana tambayar ma'aikaciyar wurin sau nawa ake wanke ta. Malam ne ya ji, da kunnensa na dama.

A cikin tasi ya ce, "Kamar fa cewa ta yi kada a hana ta abinci."

"Kada a ba ta, ta ce."

"Ni dai hana na ji."

"Da wane kunnen? Malam, kai ka tsaya a kan wuyan riga. Wa ya taɓa jin an shiga da mutum tiyata da cikinsa a cike?"

Malam ya kalli titi. Shekara arba'in sun koya masa cewa gardama da Sista kamar ɗinki ne da zare marar ƙulli.

Jajibirin aiki, tun da yamma Sista ta kwashe kwano, ta kwashe ciyawa, ta ɗauke ruwa, ta share ƙasa tas don kada a samu ko ɓurɓushi. Ta sa Gimbiya a kejinta ta rufe. Zomanyar ta kama ƙarfen keji da haƙori tana girgizawa. Sista ta ce, "Yi ta yi. Masu tumbi ma sun yi sun gaji." Malam kuwa ya ce yana da ɗinkin da zai ƙarasa, ya jawo kejin kusa da kekensa wai don ta ji motsin mutum. Da asuba ma shi ya riga kowa shiga shagon.

Da suka isa asibitin, likitar ta ɗora Gimbiya a sikeli ta tambaya, "Ta ci da safen nan?"

Sista ta gyara zama, irin zaman wadda za a ba lambar yabo. "Ko ɗigon ruwa. Tun jiya da yamma."

Murmushin likitar ya ɗauke. Ta cire tabarau ta ajiye. "Mama, zomo ba ya amai. Allah bai yi masa wannan hanyar ba, don haka abin da kike tsoro ga mutum babu shi a nan. Abin tsoro a wurinsa shi ne cikin ya zauna babu komai. Hanjinsa ba ya hutawa dare da rana, in ya tsaya tayar da shi aiki ne, wani lokacin ma ba ya tashi. In tun jiya ba ta ci ba, ba zan taɓa ta da wuƙa yau ba. Sai ma mun fara neman yadda za mu ceto cikin."

Wanzami ba ya son jarfa. Karo na farko a tarihin unguwa, Sista ta sunkuyar da kai.

Likitar ta sa abin sauraro a cikin Gimbiya, ta saurara, ta matsa nan ta matsa can. Ta ɗaure gira. "Ikon Allah. Cikin nan a cike yake, yana ta aiki."

Nan Malam ya yi gyaran murya. Yana kallon silin ya ce, "To, ni dai ban ba ta komai ba. Ganyen karas ne da 'yar ciyawa na manta a aljihun rigata, na rataye rigar a jikin keji. In ta zaro ta ci, wannan tsakaninta da Allah."

"Sau nawa ka manta?" in ji likitar.

"Da dare na manta. Da asuba ma na sake mantawa. Da ɗan ruwa a murfin kwalba, shi ma mantuwa ce."

Likitar ta juya baya tana gyara abin da bai lalace ba, kafaɗunta na rawa. Sista ta dubi mijinta. Shekara talatin babu mahaluƙin da ya shigar da ko ƙwayar gyaɗa ɗakinta ba ta kama shi ba, ashe babban ɗan sumoga yana gida tana dafa masa shayi.

"Za mu yi magana a gida," ta ce. Amma da ya miƙo hannu zai karɓi jakarta, ta bar masa, abin da ba ta taɓa yi ba.

Aka shiga da Gimbiya. Sista da ta saba zama ta cikin ƙofa, yau ga ta ta waje a kan benci, tana kallon agogon bango kamar duk 'yan uwan da ta sha kora. Ta ce benci ya cika tauri. Ta ce fankar wurin ba ta da amfani. Malam ya ce, "Uwar yara, zauna." Ta zauna.

Da la'asar aka miƙo musu ita a naɗe cikin tawul, ido a lumshe, ciki a aske. Likitar ta ce aiki ya yi kyau, an cire abin tun bai bazu ba. Ta ba su maganin ciwo na ɗigawa a baki, da garin abinci da ake damawa a ba ta da sirinji in ta ƙi ci. A ajiye ta wuri mai ɗumi da shiru, ban da tsalle, ban da hawa, a duba ɗinkin safe da yamma, kada a bari ta tsefe shi da haƙori. "Amma babban abu, Mama, ta ci da bakinta, kuma a ga kashinta. In gobe ta yi har yamma babu ci babu kashi, ku dawo da ita da gudu." Wannan karon Sista ta saurara har ƙarshe, har ta ce a maimaita mata.

Shagon Malam ya koma ɗakin jinya. Aka hana keke motsi. Aka shimfiɗa tsohon bargo a ƙasa, aka kewaye da kwalaye, aka naɗe gorar ruwan ɗumi a tsumma aka ajiye gefe yadda in ta ji zafi za ta iya matsawa. Wani da ya zo karɓar wandonsa, Sista ta tare shi a ƙofa ta ce ba lokacin ziyara ba ne. Da aka kwantar da Gimbiya suka leƙa cikin, Sista ta ce ita ba ta ga zare ba, anya yarinyar nan ta ɗinke kuwa? Malam ya sa tabarau ya duƙa, ya daɗe, ya ɗago da fuskar wanda ya ga abin sha'awa.

"Ɗinkin ɓoye ne. Ta ciki ta bi. Sista, yarinyar nan da za ta zo shagona da na ba ta wuyan riga."

A wurin Malam babu yabon da ya wuce wannan. Ya ɗauko tsohuwar singileti mai laushi, ya auna majinyaciyar da ido, ya ɗinka mata 'yar riga da allurar hannu don ta rufe wurin in ta fara kai baki. Har da ɗan aljihu ya sa mata. Sista ta ce aljihun na mene ne, ya ce na mantuwa.

Maganin ciwo ya shiga, don Sista ta iya ɗura magani ko ga wanda ya rantse ba zai sha ba. Amma ci ya gagara. Gimbiya ta takure a lungu, ta juya musu baya. Aka kawo ganyen karas, ta ƙi. Aka kawo latas, aka kawo ciyawarta, aka jiƙa abincin kantin ya yi laushi, ko kallo. Sista ta dama garin ta ɗura mata kaɗan-kaɗan ta gefen baki, rabi ya shiga rabi ya gangaro a haɓa. Wannan ya riƙe rai, amma ba shi ne ci ba, Sista ma ta sani.

Gari ya waye, tire fes, babu ko ƙwaya ɗaya. Matar da ta shekara biyu tana mita a kan kashin zomo a ƙarƙashin kujera, yau ga ta a durƙushe da tocila tana nemansa kamar zinariya. Auta ta kira, Sista ta ce mata komai lafiya, ta kashe wayar da sauri. Hantsi ya yi, azahar ta wuce. Sista na zaune a ƙasa ta miƙe ƙafa, ganye a hannu, tana lallashi da muryar da ko 'ya'yanta ba su san tana da ita ba.

"Haba 'yar nan. Ɗan wannan kawai. Ki ci don Allah, ki rufa min asiri."

Gimbiya ta ture ganyen da hanci.

Malam na kan tsohuwar kujerarsa yana farke wani kalmasa da reza don hannunsa ya samu abin yi. Can ya ce, "Uwar yara."

"Me kake so?"

"Tun da yarinyar nan ta zo gidan nan, kin taɓa ganin ta ci abin da aka roƙe ta ta ci?"

Sista ta sauke ganyen da ke hannunta.

"Ni dai a sanina, abu ɗaya take so a duniya. Kuma yana kan doguwar kujera."

Sista ta dube shi, ta dubi ƙofar baya. Na'ana'ar ta yi kyau a wannan lokacin, ta cika tukunya ta zubo, ganye kore shar. Ta tashi ta fita, sai ga ta rungume da tukunyar. Ta fara kai hannu za ta tsinko reshe ta miƙa, Malam ya girgiza kai.

"In kin ba ta, ya zama magani. Ajiye kawai, kamar kin manta."

"Kai dai ka ƙware a mantuwa."

Ta ajiye tukunyar a bakin bargon, ta karkatar da ita yadda rassan suka taɓo ƙasa, don kada mai ɗinki a ciki ta yi miƙewa. Ta murza ganye ɗaya da yatsa ƙamshi ya tashi. Sannan ta koma ta zauna a kujerar keke ta juya baya, ta ɗauki wata riga tana duba maɓallanta. A jikin gilashin kabad ɗin zare take kallon komai.

Da farko babu abin da ya motsa. Sai hanci ya fara aiki. Kunne ɗaya ya tashi, na biyun ya biyo shi. Gimbiya ta juyo a hankali cikin 'yar rigarta, ta tako kamar tsohuwa mai ciwon baya, ta tsaya nesa kaɗan da tukunyar. Ta dubi bayan Sista. Ta jira. Abin bai cika ba, akwai abin da ya rage.

Malam ya yi raɗa, "Kore ta."

Sista ta ƙara duƙufa kan maɓallan rigar. Ba ta juyo ba, ta ce da muryarta ta kullum, sai dai ƙasa-ƙasa, "Kul, mara kunya."

Gimbiya ta cafke reshe ta ja da baya, ta shige lungunta da shi. Sai ga ƙaramar ƙara, ƙus-ƙus-ƙus, reshen yana shigewa baki kamar zare a keke. Ta cinye ta dawo ta ƙara. Sista ta ce kul, ta sake sata. Daga na'ana'a ta wuce kan ganyen karas ɗin da ta ƙi tun jiya, tunda yanzu babu mai roƙonta, daga nan ta sa baki a ruwa. Sista na zaune da rigar mutane a hannu tana goge ido da ita. Malam ya ga hakan, ya ce a ransa zai wanke kafin mai ita ya zo.

Kafin magariba aka samu abin da ake nema: 'yan ƙwayoyi ƙanana, busassu, ba su da kyan gani, a kusurwar tire. Sista ta kwashe su a murfin kwalba ta kai wa Malam har gaban hancinsa. Ta ɗauki hotonsu ta aika wa likita, ta aika wa Auta. Auta ta kira tana dariya ta ce, "Umma, ko hoton jikokinki ba ki taɓa aiko min ba." Sista ta ce jikokinta ba su taɓa ba ta wahala irin wannan ba. Maƙwabciyarsu da ta leƙo jin hayaniya ta tambaya ko haihuwa aka yi, Malam ya ce kusan haka ne.

Sauran jinyar ta tafi yadda ake so. Kashin ya ƙara girma ya koma kamanninsa, Sista na ba da rahotonsa kowace safiya ko an tambaya ko ba a tambaya ba. Gimbiya ta cinye aljihun rigarta a rana ta uku, amma ɗinkin ciki ba ta taɓa shi ba. Babbar wahala ita ce hana ta tsalle da ta fara jin ƙarfi, sai da aka kwashe duk abin hawa daga shagon, Malam ya yi kwanaki yana yanka a ƙasa yana kukan gwiwa. Ranar da aka koma dubiya likitar ta ce wuri ya haɗe sumul. Sista ta ce mata, "Hannunki yana da kyau, 'yata. Kuma kina ƙarasa magana ko an katse ki, kada ki bar wannan halin." Likitar ta ce ta gode, ta tambayi Baba mai mantuwa.

Tukunyar na'ana'a kuwa sai kara, kamar kan Malam. Ya sha shayinsa haka nan babu ganye har ta sake tohowa, bai yi ƙorafi ba, sai dai yakan leƙa kofin ya yi ajiyar zuciya in ya tabbata ana kallonsa.

Da Auta ta zo hutu ta ce ta samu gida mai fili, za ta iya ɗaukar zomanyarta. Sista ta ce marar lafiyar da aka yi wa babban aiki ba a yawo da ita a mota. Auta ta ce ai an yi wata biyar. Sista ta ce ita ce ta yi aikin asibiti ko Auta?

Yanzu tukwane biyu ne a barandar baya. Ɗaya na kan doguwar kujera, ta shayin Malam, kuma an ba shi izinin tsinka da hannunsa. Ɗayar tana ƙasa, a inda kowa zai iya kaiwa. Ita ce wadda aka hana. Kowace safiya Sista na zuba mata ruwa, ta koma ciki ta laɓe a bayan labule da tsintsiya a hannu, tana jira a zo a sata.